Bindigar Thoa Ta Ƙi Tashi

Litinin, 2 ga Maris, 1:20 na rana

Bindigar Thoa ta ƙi tashi sau uku a cikin harsashi goma sha biyar. Na huɗu, na tara, na goma sha uku.

Yau ne aka fara harbi da harsashin gaske a filin nan tun ƙarshen Oktoba. Kwalaye sun iso ranar Juma'a, kocinmu Malam Toai ya raba: goma sha biyar ga kowace mace a rana har zuwa 21 ga wata, ranar da za a zaɓi mutum ɗaya da lardi zai tura sansanin ƙasa a Hanoi na shekara biyu. Mata shida ne a layi, amma kowa ya san maganar tsakanin biyu take: matata Thoa, mai shekara talatin da bakwai, da Uyen, mai goma sha tara. Thoa ba ta da wani zaɓen bayan wannan.

Dokar gasa a fili take. Bindiga ta ƙi tashi, ka ɗaga hannu, alƙali ya duba. Sau ɗaya ake yafewa a zagayen harbi talatin. Na biyu sifili ne.

Ni ne sakataren sashen harbi. Ni ke rubuta maki, ni ke riƙe da makulli na biyu na sito. Shekara goma sha shida a teburin labarai na wata jarida a Hanoi sun koya mini rubuta abin da na gani, in bar abin da nake zato. Abin da na gani: ta ɗaga hannu sau uku.

Talata, 3 ga Maris, 12:40 na rana

Malam Toai ya ɗora laifin a kan damshi. Lokacinsa ne, bango yana gumi, daɓe kamar an yi wanki a kai, takardun maki suna laushi a hannuna. Ya ce harsasan sun sha ruwa a hanya.

Kawu Khiem, mai gyaran bindigoginmu, ya bari ya gama. Shekararsa saba'in da ɗaya, yanar ido ta rufe masa na hagu, na dama ma saura kaɗan. Ya ɗauki harsasai ukun jiya, ya shafa gindinsu da farce, ya juya kowanne yadda allurar bindiga za ta sari sabon wuri, ya sa a bindigar Uyen. Duk ukun suka tashi.

"Malam, ga damshinka can ya huda allo."

"Kawu, ba dariya na zo yi ba."

"Ni ma ba ita nake yi ba, haƙoran ne babu."

Bayan an watse ya zaunar da ni a sito. Harsashin nan bai kai ɗan ƙaramin yatsa ba, kuma ba a tsakiyar gindi yake kamawa ba. Maganin da ke kunna albarushin yana cikin leɓen gindin. Allura ta sari leɓen, ta matse shi a kan bakin ramin da harsashin ke kwance, sai ya kama. Leɓen yana bukatar ƙarfe mai tauri, shafaffe, a bayansa, kamar maƙera.

"Abu biyar ne ke hana ta tashi, ɗan jarida. Harsashi, datti, sifirin, allura, bakin rami. Na farko ya fita. Rubuta."

Na rubuta.

Laraba, 4 ga Maris, 6:30 na yamma

Biyu cikin goma sha biyar.

Ya kamata in rubuta yadda aka yi wata huɗun nan, don tarihi. Babu harsashi ko ɗaya a ginin, amma ba a fasa atisaye ba. Mata shida a layi, toshin kunne a kai domin koci ya ce jiki ya saba, a ɗaga bindiga, a auna, a ja kunama, ƙyat. A ɗana guduma da babban yatsa, a sake. Sau ɗari biyu a rana. Harbin gaya muke ce masa, kamar shinkafa ba miya. Wani ɗan jarida daga Hanoi ya taɓa zuwa ya ɗauki hoto ya rubuta cewa jarumtaka ce. Na san shi. Ni na koya masa rubuta sakin layi na farko.

Bindigogin nan tsofaffin Rasha ne, sun girmi Uyen da uwarta. Ba a yi su don harbin gaya ba. In babu komai a ramin, allura kan wuce ta daki bakinsa, ƙarfe a kan ƙarfe. A wasu wurare kwanson da aka harba ake sawa ya tare ta. Mu ba mu da kwanso, domin duk wanda aka harba sai an ƙirga an mayar wa hukuma. Dabarar Kawu Khiem ita ce 'yar robar nan da ake cusa wa bango kafin a ɗaura ƙusa. Girmanta ɗaya da harsashin. Kwana ɗaya take yi ta ragargaje.

Kowace safiya ni ke fito da bindigogi shida, in sa wa kowacce sabuwar roba, in rufe sakata, in miƙa. Babu mai buɗewa ya duba. Me za a duba a ginin da babu harsashi?

Aikina ke nan.

Alhamis, 5 ga Maris, 2:10 na rana

Datti. Harsasan suna zuwa da kakin da aka shafa musu, yana taruwa a ramin har harsashi ya kasa shiga duka. Kawu Khiem ya kwance ta gunduwa-gunduwa a kan tsohuwar jarida, ya wanke da kananzir, ya goge da buroshi. Thoa ta tsaya a kansa, ta rungume hannu, kamar mai jiran likita ya fito.

"Kawu, shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa yi mini haka ba."

"Ke ma shekara goma sha ɗaya ba ki taɓa tsaya mini a ka ba. Matsa, kin tare hasken da ba na gani."

Aka haɗa ta. Biyu cikin goma sha biyar.

Uyen ta daina ce mata Yaya. Yau Gwaggo ta ce. "Gwaggo, ko in ara miki tabarau?" Sauran suka sunkuyar da kai suna dariya. Thoa ta cire toshin kunnenta ta ce ba ta ji ba. Uyen ta maimaita, a hankali.

Juma'a, 6 ga Maris, 1:00 na rana

Uku.

Asabar, 7 ga Maris, 4:45 na yamma

Sifirin. Kawu Khiem ya ciro na wata matacciyar bindiga da ke ƙasan akwati, ya gwada su biyu a tafin hannu, ya ce sabon ya fi ƙarfi. Ya kuma canza allura, tunda bakin tsohuwar ya dakushe. Ya daɗe yana murza dakusasshen bakin tsakanin yatsunsa. Ya juyo da idon dama wajena. Ya jefa ta cikin gwangwani.

Harbi tara lafiya. Thoa ta juyo ta yi mini murmushi ta cikin gilashin rumfa. Na goma ya ƙi. Na goma sha huɗu ya ƙi.

Wanda ya ƙi tashi ba a ba ta madadinsa. Cikin rabonta yake.

Lahadi, 8 ga Maris, 3:30 na yamma

Ranar mata. Na sayo furanni a bakin gada, ja guda tara, mai sayarwar ta ce na iya zaɓe. Mun ci abincin rana a gidan mahaifiyata, taliyar shinkafa da romon kifi.

Inna ta jira sai da Thoa ta kai cokali baki.

"An ce abin naki ma ya daina haihuwa."

Inna ta ƙara mini kifi.

"Shekara goma sha uku ina kunna turare a gaban hoton ubanka ba ni da labarin da zan ba shi. Yanzu kuma za a tafi birni shekara biyu a bar mini ɗa yana wanke wa kansa safa. To, ko ƙarfe ya fi wasu hankali."

Thoa ta gama cin abincinta, ta kwashe kwanuka, ta wanke. A kan babur a hanyar dawowa ba ta riƙe ni ba, ƙarfen baya ta riƙe. Furannin mun manta su a can.

Takardar Hanoi mai sanar da gurbin sansanin ta zo ne ranar 9 ga Disamba. Na tuna domin ni na buɗe ambulan, ni na sa hatimin karɓa. Ranar Thoa ta yi rawa a kicin da ludayi a hannu, ta kira ni yadda matan nan ke kiran miji, ta ce, "Yaya, ka huta, gidan naka ne kai kaɗai, ka baza littattafanka har kan gado." Wasa take yi. Na san wasa take yi.

Shekara bakwai ke nan da aka sallame ni daga jarida, na baro Hanoi. Ban koma ba ko wucewa.

Litinin, 9 ga Maris, 11:50 na safe

Saura bakin rami.

Kawu Khiem ya cire sakata, ya kafa bindigar a ƙarƙashin fitila, ya miƙo mini gilashin mai gyaran agogo.

"Idona bai kai nan ba. Duba sama, daidai inda allura ke sauka. Me ka gani?"

Na duba. Na daɗe ina dubawa. Fitilar tana da kyau, gilashin yana da kyau.

"Ƙalau yake, Kawu."

"Ƙalau."

"Ƙalau."

"Babu lotsawa? Babu ɗan tudu a gefe?"

"Ban ga komai ba."

Ya karɓi gilashin ya sa a aljihu. Ya cika lofensa na gora, ya fita waje ya sha. Ta taga na ga bai zauna ba.

Ban taɓa bindigar nan da komai ba. Ko da sukundireba. Wannan gaskiya ce da za a iya bugawa.

Talata, 10 ga Maris, 1:15 na rana

Huɗu. Mafi yawa zuwa yanzu.

Laraba, 11 ga Maris, 5:20 na yamma

Malam Toai ya samo sabon bayani. Ya tara mata shida ya yi shi a gaban kowa. In wuyan hannu ya saki, bindiga ba ta samun abin jingina, sakata ba ta rufewa duka, allura ba ta kai wa. A littafi hakan yana faruwa. Na karanta.

"Hannu tsufa yake yi, Thoa. Ba abin kunya ba ne. Kakata ma da ta kai wani lokaci sai da aka karɓe mata wuƙa."

"Malam, hannuna lafiyarsa ƙalau."

"Bindiga ƙalau, harsashi ƙalau, hannu ƙalau. To ni ne ba lafiya ke nan?"

Ta nemi a ba ta bindigar Uyen ta gwada harbi biyar. Uyen ta rungume akwatinta. "A'a Malam, kar a shafa mata." Koci ya yi dariya har da tari, maganar ta mutu a nan.

Ina neman biro a aljihun teburina na ci karo da ledar robobin. Sun fi yadda ya kamata su rage. Ban yi niyyar ƙirgawa ba.

Sittin da ɗaya.

Alhamis, 12 ga Maris, 7:10 na safe

Na tsaya a kan gada a hanyar zuwa. Ruwan ya cika, yana gudu. Na juye ledar a ciki. Roba ba ta nutsewa. Ban yi tunanin wannan ba.

Juma'a, 13 ga Maris, 3:00 na yamma

An sallami Kawu Khiem. Darakta ya tambayi koci dalilin da mai lambar zinare biyu ta lardi take ɗaga hannu kullum kamar 'yar makaranta, koci ya ce makaho ne ke gyara mana bindigogi. Ni na buga takardar. "Bisa la'akari da lafiyarsa." Na gyara waƙafi ɗaya. Shekara talatin da huɗu a sashen. An ba shi kalanda da kwalin shayi.

Makullinsa an ba ni riƙo har a samu wani. Yanzu duka biyun suna aljihuna.

Ya tattara kayan aikinsa a buhun shinkafa. Kafin ya fita ya tsaya a teburina ya ajiye wani ɗan ƙarfe mai tsawon yatsa, kamar ƙusa mai kauri, gefe ɗaya a shafe. Shi ya ƙera shi. Na san aikinsa. Ana zura shi a rami a juya, ya mayar da ƙarfen da ya tasa mazauninsa. Aikin minti goma.

"Kawu, ka manta wannan."

"Ban manta ba."

Ya gyara buhun a kafaɗa.

"Idona ne ya mutu, ɗan jarida, ba farcena ba. Kunnena ma yana nan. Su suna da toshi a kunne, ni ba ni da shi. Bindiga biyar suna cewa ɗuf, ɗaya tana cewa ƙyal. Tun Disamba. Na ce a raina ba zai yiwu ba, kunnen tsoho ne."

Na ce ban gane ba.

"In na gyara, sai na rubuta abin da ya jawo. In na rubuta, sai an tambayi wa ke sa roba. Ni na ɗauko Thoa a babur ranar da ta fara zuwa filin nan, ni na sha giyar aurenku. Na ba ka gilashin ne ka faɗa da bakinka. Na ɗauka kwana huɗu sun ishi mai ilimi."

A bakin ƙofa Thoa ta tare shi tana kuka, tana cewa ita ta ja masa. Ya dafa kanta ya ce ta ci abinci.

Bai gaya mata ba. Na tsaya na tabbatar.

Asabar, 14 ga Maris, 1:00 na rana

Uku. Ban taɓa bindigar ba.

Lahadi, 15 ga Maris, 6:00 na yamma

Ta fara yarda da koci. Tun safe tana tsaye a tsakar ɗaki da dutsen guga a hannun dama, a miƙe, tana kallon wani ɗigo da ta yi a bango da biro. Minti ɗaya, ta sauke, ta ɗaga. Da azahar wuyan hannun ya kumbura. Ta ɗaure da bandeji ta ci gaba.

Na karanta shafi arba'in na wani littafi a kan faɗuwar wata daula. Ban riƙe sunan daular ba.

Wajen ƙarfe huɗu ta ce, ba ta juyo ba, "Yaya, ka san motar ƙarfe biyar ta Asabar awa biyu da rabi take yi daga Hanoi?"

Na ce ban sani ba.

"Tun Disamba na bincika. Kowace Asabar zan dawo, in koma Litinin da asuba. Na ma tambayi direban ko zai riƙa ajiye mini kujerar gaba, saboda amai." Ta sauke dutsen gugar. "Ban gaya maka ba ne don kar in yi wa abin baki. Ga shi ma ban faɗa ba ya lalace."

Ta ɗaga.

Litinin, 16 ga Maris, 2:30 na rana

Biyu. Koci ya ce jibi wani mai gyaran makamai daga barikin soja zai zo ya duba ta, mai ido biyu. Ya faɗi "mai ido biyu" sau biyu don a yi dariya.

Talata, 17 ga Maris, 6:50 na safe

Na zo kafin kowa. Minti goma sha biyu, ba goma ba. Ɗigo ɗaya na mai a ƙarfen Kawu, juyi huɗu. Da gilashin da na sayo jiya a kasuwa na duba: tudun bakin ramin ya kwanta. Harsashin gwaji ya shiga da nauyin kansa.

Ban san wanne ya sa ba, motar Asabar ko sojan. A jarida ba ma buga dalili sai majiya biyu sun yarda da juna.

Yau babu harbi, ranar gudu ce da ɗaga ƙarfe. Gobe za ta harba goma sha biyar, duka su tashi, a ce damshi ya wuce. Saura kwana huɗu. Sun isa.

Laraba, 18 ga Maris, 12:05 na rana

Sojan bai zo ba. An tura shi wani wuri.

Zan rubuta a jere.

Ƙarfe takwas da minti goma na fito da bindigogi. Thoa ta miƙo hannu ta karɓi tata. Malam Toai ya ce ta ajiye a kan tebur.

"Tunda masani bai zo ba, mu yi gwajin ƙauye. Uyen, zo nan. Hannunki da na Gwaggonki kusan ɗaya ne. Ɗauki."

"Malam, in ta shafa mini fa?"

"In ta shafa miki, ni zan kai ki asibiti."

Ya ba ta rabon Thoa na yau da na gobe, talatin. Ya sa sauran suka zauna a benci. Ya sa Thoa ta tsaya a bayan Uyen ta ƙirga da ƙarfi.

Ta ƙirga. Muryarta ba ta canza ba har goma sha biyar. Daga ashirin sai ta riƙa tsayawa kafin ta faɗi lambar, kamar tana ba bindigar lokaci. Talatin suka tashi. Ko ɗaya bai yi gardama ba. Uyen ta ajiye, ta hura yatsunta.

"Daɗin harbi gare ta ma, Gwaggo."

Koci ya juya ga benci. "Kun gani? Mun kori tsoho a banza. Mun ɓata harsashin gwamnati mako biyu a kan ciwon da ba na ƙarfe ba."

Thoa ta ce, "Malam, ba ni biyar."

"Rabonki ya ƙare."

"Biyar kawai. Daga na jibi."

"Jibi ba ki da rabo. Ba zan kai hannun da ke mutuwa gaban baƙi daga Hanoi ba, a ce lardinmu gidan tsofaffi ne."

"Uku, Malam. Don girman shekara goma sha tara da na yi a ƙarƙashinka. Ɗaya."

Ta sunkuyar da kai har ƙasa, hannu biyu a haɗe. Ban taɓa ganin ta yi wa kowa haka ba, har Inna.

Ɗaya ya isa. Na san ya isa. Jimla ɗaya daga bakina ma ta isa: an gyara ta jiya. Jimlar tana da tambaya a bayanta, tambayar tana da wata.

Koci ya ce, "Sakatare, cire sunanta daga jerin Asabar."

Na ja layi da rula.

Ya ce tunda ba ta da aikin yi, ta tsince kwansunan.

Alhamis, 19 ga Maris, 7:40 na yamma

Ba ta je fili ba. Ta wanke labule, ta wanke bargo, a wannan damshin da babu abin da ke bushewa.

Muna cin abinci ta ce, "Kwansunan jiya na duba su kafin in miƙa."

Na ci gaba da ci.

"Saran allurar yana da zurfi, a tsaye, duka talatin iri ɗaya. Nawa na mako biyun nan, har waɗanda suka tashi, saran a kwance yake, kamar an danna da farce. Shekara goma sha ɗaya ina tsince kwansona, Yaya. Na san rubutun bindigata."

Na ce wataƙila bambancin hannu ne, kamar yadda koci ya ce.

"Wataƙila."

Ta zuba mini romo.

"Makullin Kawu wa aka ba?"

"Ni."

"Duka biyun ke nan."

"Har a samu wani."

Ta gyaɗa kai. Ta cinye shinkafarta har ƙwayar ƙarshe. Ta tambaye ni ko gishiri ya ji.

Juma'a, 20 ga Maris, 1:00 na rana

Babu abin rubutawa. Babu bindigar da ta ƙi tashi.

Asabar, 21 ga Maris, 4:15 na yamma

Uyen, maki 569. Thoa ta taɓa yin 578 a wannan filin da wannan hasken.

Baƙin Hanoi biyu ne. Ɗayan ya tambayi ina mai zinare biyun nan. Koci ya taɓa wuyan hannunsa ya girgiza kai, baƙon ya ce ayya. Thoa tana nan a lokacin, taku uku daga gare su, koci ya sa ta zuba wa baƙi shayi. Ta zuba. Ko ɗigo bai zuba a faranti ba. Butar cike take, da hannun dama ta riƙe ta, a miƙe, ta daɗe fiye da yadda zuba shayi ke bukata. Baƙon bai lura ba.

Na buga takardar tura sunan Uyen. Ranar Laraba za ta tafi, in darakta ya sa hannu.

Lahadi, 22 ga Maris, 5:30 na yamma

Ta fita da safe da babur ba ta ce ina ba. Ta dawo ƙarfe uku da ganyen miya da ƙwai.

"Kawu yana gaishe ka."

Na ce ina amsawa. Na tambayi jikinsa.

"Yana nan. Ya ce gidan ya yi masa shiru, ba ya jin komai sai agogo."

Ta shimfiɗa tabarma a ɗakin littattafai, ta kwashe littattafan da ke ƙasa ta jera su a kan gadonmu, a gefenta, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Ta yi shi a natse. Ba ta lanƙwasa ko shafi ɗaya ba.

Na shirya jimloli uku tun safe. Na gyara su, na rage, kamar yadda nake yi wa na wasu. Na tsaya a ƙofar ɗakin. Ta ɗago ta dube ni, ta jira. Ta jira sosai, ba zan ce ba ta jira ba.

Na tambaye ta ko ta ga cajar wayata.

Litinin, 23 ga Maris, 10:35 na safe

Na tashi ba ta nan. Tabarmar a naɗe.

Mai gadi ya ce ƙarfe bakwai da rabi ya ga ta shigo da Kawu Khiem a bayan babur, ta riƙe masa hannu suka hau bene zuwa ofishin darakta. Ya ce ba su sauko ba. Malam Toai ya hau ƙarfe tara, shi ma bai sauko ba. Mata biyar suna zaune a benci, babu wanda ya ce su fara.

Takardar tura sunan Uyen tana kan teburin darakta, ba sa hannu.

An ce ya nemi a kai masa makullan sito duka biyu, da bindiga ɗaya, da harsashi goma sha biyar. Sakatariyarsa ce ta gaya wa mai gadi, mai gadi ya gaya mini. Majiya ɗaya ce. Ba a kira ni ba tukuna.